Kunnen Nha Jesuina

Kafin kaji su sauko daga katanga, Nha Jesuina ta riga ta zagaya bayan gida ta gaida inabinta. Gindi huɗu ne kacal a cikin baƙar tokar dutsen Fogo mai aman wuta, amma sai ta ɗaga ganye ɗaya-ɗaya ta duba, ta kori tsuntsaye, ta zagi akuyar maƙwabta, sannan ta ɗora ruwan kofi a wuta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka.

Daga gindi huɗun nan take fitar da kwalba tara ta giyar inabi a shekara. Ba ta sayarwa, ba ta ma sha, wai ciwon kai take sa mata. Gida takwas ne a unguwarmu, kowa da kwalbarsa ranar bikin coci, ta taran kuma ta Fada ce, limamin cocinmu. Takan tattake inabin da ƙafa a baho, ta juye a tulu, ta rufe da tsumma. Sauran aikin na kunne ne. Kullum da safe za ta manna kunne a jikin tulun ta ji ko yana tafasa. Ran da ya yi shiru, ran nan ake ɗurawa. In aka yi gaggawa kwalba ta fashe, in aka makara tsami ya kama.

Don haka ta kafa dokar hana surutu kusa da tulu. Wanda dokar nan ta fi cuta shi ne mijinta, Nho Kintinu, mutumin da ko jaki ya samu a hanya sai ya ba shi labari.

"Kintinu, fita min da bakin nan waje, tulu na magana."

"Ni da gidana? Tulu ya yi magana, ni a hana ni?"

"Shi in ya gama yana yin shiru. Kai fa?"

Sau ɗaya ya taɓa ramawa. Shekarar da ta tafi wajen haihuwar 'yarsu, ya ɗura da kansa, yana cewa ai ba wani abu ba ne. Kwalbar Fada a kan tebur ta fashe, farar rigarsa ta koma ja tun daga wuya. Har yau in Fada ya hango Kintinu sai ya ɗan ja da baya.

Bana kunnen Nha Jesuina ya fara daina ji, ta kuwa ɓoye. Tulu cike, biki ya matso, kwalba tara a wanke suna jira. Maƙwabciyarta Zulmira ce ta leƙo ta katanga ta gan ta durƙushe, ta gwada kunnen dama, ta gwada na hagu, ta share ido da bakin zane. Zulmira ta ce abin ya ba ta tausayi har ta kasa gaisuwa. Can sai ta ji an ƙwala kira.

"Kintinu! Zo ka sa kunne."

"Ni? Ni da na yi wa Fada wanka?"

"Ba surutu na ce ka yi ba. Riƙe hannuna. In yana tafasa ka matse, in ya yi shiru ka saki."

Kwana goma sha tara unguwa na jeruwa a katanga don ganin Kintinu durƙushe, baki rufe. Wata tsohuwa har ta tambaya ko a kira likita. Ran na ashirin ya saki hannu. Ta harare shi, ta ƙara kwana biyu don ba ta yarda da shi ba, sannan ta ɗura. Ko ɗaya ba ta fashe ba, ko da yake Fada daga nesa ya miƙa hannu ya buɗe tasa.

Ranar biki Kintinu ya hana kowa sakat, wai shi ya yi giyar bana. Zulmira ta sunkuya kusa da kunnen Nha Jesuina ta kai ƙara.

"Kumadre, ƙawata, mijinki fa yana cinye miki suna!"

"Bar shi ya yi ta yi. Ai yanzu ba na jin sa."

Nha Jesuina, ke ce mai inabi gindi huɗu da ta shayar da gida takwas, ba ki taɓa jiƙa leɓe ba. Kin ce daga bana kin ajiye tulu. Mun gode, mun kuma gode. Duk mai ɗan inabi a bayan gida ya zo ya koya tun kina iya nunawa, ya kuma tuna da rabon maƙwabci. Mu da muka zauna kusa ranar nan mun ga abin da Kintinu bai saka a labarinsa ba: yana ta zuba, amma hannunki na cikin nasa, bai saki ba.