Ranar da Inna Ta Gyara Mini Wayoyi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Aliero, na haɗa wani akwatin kiɗa da hannuna a matsayin aikin kammala karatu. Abokan karatuna suka raɗa masa suna injin markaɗe, kuma ban ga laifinsu ba. Ba shi da madannai irin na fiyano. Katako ne na jera wa ƙananan sassa, yawancinsu kayan cikin matattun rediyo da na tsinto wajen masu gyara a kasuwar Jega. Wani sashe ya haifar da sauti, wani ya tace shi, wani ya sa shi karkarwa. Kai za ka haɗa su da gajerun wayoyi, ka yi ta murɗa maɓallai har kunnenka ya yarda. Aibinsa ɗaya, ba ya riƙe komai. Ka zare wayoyin, sautin ya tafi ke nan.

Babana manomin albasa ne a Maiyama, ya rasu ina sakandare. In ya gama ban ruwa yakan zauna bakin rijiya ya busa sarewar kara. Ba wanda ya taɓa naɗar busar nan. Wa zai ɓata kaset a kan abin da ake ji kullum?

Wata Laraba da hantsi ina ta lalube, wayoyi sun cakuɗe kamar taliya, sai ga ta. Sarewar Baba ce, da dusashewarta, har da ɗan hucin nan na ƙarshe inda numfashinsa ke yankewa. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka.

Mai hankali da ya naɗi sautin nan take, ko ya zana inda kowace waya ta shiga. Ni sarkin wayo sai na ce a'a, Inna ce za ta fara ji, kuma daga bakin akwatin. Na rungume shi a kan babur ta Jega har Maiyama, ina yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami. Waya ko ɗaya ba ta motsa ba. Na tarar ba wuta a gida, sai na ajiye shi a ɗaki, na ce wa Inna akwai abin da za ta ji, na fita aron batirin mota.

Da na dawo na same ta a kan tabarma, akwatin a gabanta yana ƙyalli. Ta zare wayoyin kaf, jajaye gefe, baƙaƙe gefe, ta ɗaure kowane kashi da zare. Maɓallan ma ta daidaita su, duk sun kalli sama.

"Na ishe abin naka duk ya sarƙe, halama girgizar hanya ta," in ji ta. "Ga shi na gyara maka. Mi kac ce za ni ji?"

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma har na buɗe baki zan yi mata faɗa. Sai na ga yadda take kallona tana jiran yabo.

"Ba komi, Inna. Sannu da aiki."

Na soka wayoyin yadda na iya tunawa, na kunna. Ta saurara da haƙuri, ta ce Allah shi sa albarka, amma shina kuka awa injin ban ruwa.

Na ci jarrabawa da wani kiɗan daban, wanda ko ni ba na sonsa. Shekaru na yi ina farautar wancan sautin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawan gwaji ya cika mini kunne da sarewu na ƙarya, har ta gaskiyar ta ɓace a cikinsu.

Bara na tambayi Inna ko tana tuna busar Baba.

"Ta ɓace mani, ɗana. Amma da za ni ƙara jin ta sau guda, da na gane ta."

Har yau ban gaya mata ba.