Kibiyar da Na Dirje da Toka

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin azumin bana, ni da 'yata Hanifa muka je kasuwar unguwar Masjid India duba yadin Sallah tun kafin shaguna su cika. Ruwan la'asar ɗin nan na Kuala Lumpur ya kama mu tsakanin tashar jirgin ƙasa da gidanmu a Wangsa Maju, muka shigo jagab. Na shiga ɗaki na yi sallah, ina sallamewa na ji ana kankarar ƙarfe a kicin. Da na leƙa, sai ga Hanifa a gaban famfo. Ashe almakashi ta je nema a gwangwanin ɗinkina, ta ci karo da wani ɗan ƙarfe mai siffar ganyen mangwaro wanda tsatsa ta fara ci, ta sa soso tana ta dirza. Ta ɗago tana murmushi ta ce, da irin salon maganar yaran ƙasar nan, "Mama, ya yi datti lah, ina wanke miki." Ban san lokacin da na fizge shi ba. Na kama hannuwanta biyu ina juyawa, ina duba yatsa bayan yatsa, ita kuma tana kallona kamar ba ta san ni ba. Babu ko ƙwarzane. Shekarunta tara, daidai shekaruna ranar da aka kama nawa hannuwan haka.

Ƙarfen nan kan kibiyar mahaifina ne. Baffa maharbi ne, a wani ƙauye da ke bakin daji a ƙasar Ningi. Da damina yana noma kamar kowa, amma da an kai dawa rumbu sai ya sauko da baka da kwari daga jikin bango. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ni ce babba, ni ke ɗebo ruwa a rafi, ni ke wanke-wanke kafin in tafi makaranta, kuma Inna ta koya mini dirje tukwane da toka da yashi har sai mutum ya ga fuskarsa a gindinsu. Duk matar da ta shigo gidanmu sai ta yaba kwanukan Inna, ni kuma in ji kaina ya yi girma. A wajena a lokacin, duk baƙin da ke jikin ƙarfe ƙazanta ce.

Ranar kasuwa Baffa kan tafi da ni maƙerar Malam Ɗanladi, wai in riƙe masa jaka, alhali dai so yake ya saya mini ƙuli-ƙuli a hanya. Malam Ɗanladi zai zube masa kawunan kibiya a kan buzu, ya koma gefe yana zolaya: "Zaɓi, surukin ƙarfe, na san sai ka mayar mini da rabi." Baffa ba ya ko murmushi sai ya gama. Zai ɗauki ɗaya ya ƙyasta da farce ya kai kunne. In ƙarar ta mutu da wuri, akwai tsaga a ciki, sai ya ajiye. Wanda ya yi amo zai ɗora a kan yatsa ya ga ko nauyinsa ya daidaita, ya murza shi a tafin hannu ya ga ko yana rawa. Ƙananan na gada da zomo ba ya wahalar da kansa a kansu. Amma masu faɗin nan masu kunnuwa biyu, na gwanki da kanki, sai ya ɗauki rabin yini bai zaɓi huɗu ba.

A gida kuma aikin ya fi haka. Yana zama gindin tsamiyar tsakar gida da dutsen washinsa, yana jan bakin ƙarfen gefe ɗaya kullum, a hankali, ba ya komowa da shi baya, har sai ya aske gashin damtsensa. Ya gasa kyauro a kan garwashi ya miƙar da shi, ya soka ƙarfen, ya naɗe da jijiya. Daga nan sai ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa, nan yake shafa dafi, ba wanda ke gani. Na san kalmar dafi, na san an hana mu taɓa kwari, amma ban taɓa ganin kamanninsa ba. A zatona wani ruwa ne da yake tafiya da shi a ƙaho. Abin da na fi sani shi ne dokarsa, wadda ko maharban ƙauyen suka san shi da ita: bai taɓa harbin dabba ya bar ta da ciwo ba. Ko kwana nawa ne zai bi sawunta har ya yanka ta da sunan Allah. Yakan ce, "Ita ma Allah ne ya yi ta, Uwata. An ba mu namanta, ba a ba mu wahalarta ba."

Wata ranar Laraba, Baffa ya tafi ta'aziyya ƙauyen gaba, Inna ta shiga maƙwabta barka. Ina shara a ɗakinsa na ga murfin kwarin ya ɗan buɗe, na zaro kibiya ɗaya, sai na ga wani baƙin abu kamar ƙanzo ya daskare a wuyan ƙarfen. Tausayinsa ya kama ni. Na ce mutumin nan kullum wahala, ba mai wanke masa kayan aiki. Na kwashe manyan guda biyar na kai bayan madafa, na sa toka da yashi da soson tukwane, na dirje su fes, baki da wuya da kunnuwa, har suka yi ƙyalli. Na mayar da su na rufe, ban faɗa wa kowa ba, ina jiran ya gani da kansa ya sa mini albarka.

Da asuba ya rataya kwarinsa ya fita, don ya riga ya gama dubansa tun shekaranjiya. Ni kuma na tafi makaranta. Ana cikin wasan gaɗa a fili lokacin hutun tara, sai na hango wani mutum ya keto ta gonar makaranta a guje, ba hula, ƙaya ta yayyaga masa riga. Ban taɓa ganin Baffa yana gudu a cikin gari ba. Ya ratsa 'yan mata ya durƙusa a gabana, ya kama hannuwana yana juyawa, yana duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ya ce, "Ba ki yanke ba? Ina soson? Ina kika zubar da ruwan?" Muka taho gida yana riƙe da ni. Ya haƙa rami ya binne soson da tokar da ƙasar wajen gaba ɗaya, ya sa Inna ta zubar da kokon safe ta sake wanke kowace tukunya. Sai da ya gama ya jingina da tsamiya ya ce alhamdulillahi, ya yi ta maimaitawa. Bai dake ni ba, ko faɗa bai yi ba.

Daga baya na ji sauran labarin a bakin Inna. Ya samu gwanki da hantsi, ya zaro kibiya idonsa na kan dabbar, ya saki. Kibiyar da ba dafi, ga bakinta na dakusar da yashi, ta shiga kafaɗa ta tsaya, gwankin ya ruga da ita. Da ya zaro ta biyu ya ga ƙyalli, nan take ya gane hannun da ya yi aikin. Ga jini a kan ciyawa yana nuna masa hanya, ga gida a bayansa. Ya juya.

Da azahar ya koma daji. Kwana uku yana nema, ungulaye suka nuna masa inda dabbar ta faɗi, ta riga ta zama mushe. Ya ciro ƙarfen ya dawo da shi, ya ƙona shi a wuta, bai sake sa masa dafi ba. Da shi ya koya mini washi a gindin tsamiya, hannunsa a kan nawa, da yadda ake shafa man kaɗe saboda tsatsa, sannan ya bar mini shi. Na ba shi haƙuri ina kuka, ya ce, "Ki nema mana gafara mu biyu. Ke ba ki sani ba, ni kuwa ina sane na bar ta."

Yanzu dajin ya zama gonaki, ba gwanki, maƙerar Malam Ɗanladi ta koma shagon cajin waya. Baffa ya rasu shekara biyu da zuwanmu nan, maigidana na tsakiyar karatunsa, ban samu ganin fuskarsa ba. Ƙasar nan kuwa ba ta bar ƙarfe ya huta, iskarta ma jiƙaƙƙiya ce. Man kaɗen da na zo da shi ya ƙare, hidimar yara ta sa na yi watanni ban buɗe gwangwanin ba. Ranar nan, bayan ruwa ya ɗauke, na aiki Hanifa kedai, ɗan shagon da ke ƙasan beninmu, ta sayo man kwakwa. Muka zauna a baranda, bene na goma sha huɗu, jirgi na wucewa ta ƙasanmu, na ɗora hannuna a kan nata muna shafawa gefe ɗaya, a hankali. Ina ba ta labarin da Hausa, tana tambaya da Turanci. Da na kai wajen gudun Baffa, sai ta buɗe tafin hannunta tana kallo.

Allah ya jiƙan Baffa. Sau ɗaya ya karya dokarsa a duniya, kuma saboda yatsuna ne.