Sunan Yankan Siddiƙa

Ranar da na kai Siddiƙa makaranta, ruwa ya ɗauke tun da asuba amma rana ta ƙi fitowa. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, hanyar da ta bi ta bayan gidanmu a Sandamu duk ta zama taɓo. Da muka iso wani ɗan kududdufi sai na ɗauke ta na tsallakar, kada sabon takalminta ya ɓaci. Shekararta shida a lokacin. Ubanta Sada, ƙanena, ya tafi Nijar sayen shanu, shi ya sa aikin ya faɗo kaina.

Hedimasta ya buɗe rajista ya tambaye ni sunan yarinya. To, ita yarinyar nan sunan mahaifiyarmu ta ci. Ranar da aka yanka mata rago sunan Inna liman ya faɗa, kuma tun a ranar muka sakaya shi muka ce Siddiƙa, don ba mai iya kiran sunan a tsakar gida Inna tana zaune tana ji. Ni kuwa tunda nake ban taɓa furta shi da bakina ba. Sai na ce masa Siddiƙa. Ya rubuta Siddiƙa Sada. Ban ga laifin hakan ba, shi ma bai gani ba, kuma da sunan nan ta yi ta tafiya har ta gama sakandare.

Yarinya ce marar yawan magana, amma da naci. In abu ya ƙi aiki ba ta jefar da shi, sai ta zauna da shi har ta gano inda ya cije. Uwata nake ce mata, ita kuma in ta ga dama sai ta ce tunda ita ce uwar, in tashi in ɗebo mata ruwa. Tana aji uku na sakandare Allah ya yi wa Sada rasuwa, bayan shekara biyu Inna ta bi shi. Da ta gama karatu ba halin wucewa gaba, ta zauna gida tana taya uwarta Barakatu yin ƙuli-ƙuli, tana kiwon awakinta. Matan unguwa kuwa in waya ta rikice musu, wurinta suke kawowa.

Shekarar da aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da katin ɗan ƙasa, ta je ta bi layin yin katin kamar kowa. Mai rubutun mutumin kirki ne, ya gaji da masu ba shi laƙabi, duk wanda ya zo sai ya ce masa sunan yanka yake so. Bahaushe kuwa in ka ce masa sunan yanka, gaskiya zai faɗa maka. Ta faɗa, ya rubuta. Ta dawo gida tana dariya, wai yau ta zama Inna a wurin gwamnati. Ni ma na yi dariya.

Bayan haka ne ta ji labarin wata cibiya a Daura da ake koyar da aikin kwamfuta. Ba buga takardu kawai ba, har da rubuta abin da ke sa na'ura ta yi aiki, wanda suke kira manhaja. Ta sayar da awakinta ta sayi tsohuwar laftof mai tsagaggen gefe. Kullum da safe ta fita bakin titi ta shiga motar Daura, ta dawo bayan la'asar. Direbobin suka sa mata Injiniya. Akwai wani da duk ranar da motarsa ta mutu a hanya sai ya waiwayo ya ce Injiniya ta sauko ta danna mata kwamfuta. Ita kuma ta ce masa wannan motar addu'a take buƙata, ba kwamfuta ba.

Shekara ɗaya da rabi ta yi a haka. Wata rana ina tufkar igiya a zaure na tambaye ta me take rubutawa haka, layi bayan layi, ba Hausa ba kuma ba Turanci sosai ba. Ta ce umarni take ba na'ura. Ta ce na'ura tana da biyayya amma ba ta da hankali: in ka bar ɗigo ɗaya, ko ka canja baƙi ɗaya, sai ta tsaya cak, ba za ta ce ai na san abin da kake nufi ba. Ta nuna mini wani shafi da ta haɗa da kanta, mai tuna wa masu kiwo ranar allurar dabbobi. Ban gane yadda aka yi shi ba, amma na ga hoton akuya, na kuma ga sunan garinmu.

Su talatin da wani abu suka gama. Malaminsu, Malam Kabiru, bai ɓoye musu ba, ya ce koyon ya fi samun aikin sauƙi. Haka kuwa aka yi. Wasu suka koma cajin waya a bakin tasha, wasu acaɓa, 'yan matan da yawa suka koma gida da takardar shaida a ƙasan akwati. Siddiƙa ta yi ta cika fom. Wata takwas ba wanda ya amsa mata.

Sai wani kamfani a Abuja ya ce zai ɗauki matasa goma sha biyu daga Arewa, ya ƙara musu horo na wata shida, sannan ya ba su aiki, kowa daga garinsu zai riƙa yi ta intanet. Sau uku aka yi musu jarrabawa. Ranar da saƙo ya zo cewa tana cikin sha biyun, ba ta yi ihu ba. Ta zo zaure ta durƙusa ta miƙo mini wayar, ko da yake ta san ba na karanta Turanci. Barakatu ce ta yi guɗa daga cikin gida.

Kwana goma aka ba su su tura takardu. Ta tura a rana ta farko. Washegari amsa ta dawo cewa sunan da ke katin ɗan ƙasa bai yi daidai da na takardun makaranta ba. Ta rubuta musu bayani cewa a wurinmu duk wanda ya ji Siddiƙa ya san sunan da ke ƙarƙashinsa. Suka ce sun ji, amma sai ta kawo takardar rantsuwa daga kotu, a buga a jarida, a kuma gyara katin.

Muka tafi kotu a Daura, ni da ita, don an ce sai da babba na gida wanda ya ga ranar suna. Ma'aikacin kotun yaro ne matashi, ya karɓe mu da mutunci. Ya ce in faɗi cikakken sunan da aka raɗa mata. Na ce ai yana rubuce a katin da ke gabansa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, rantsuwa ce, daga bakinka zan ji."

Na daɗe ina kallon tebur. Siddiƙa ta juya baya ta fuskanci taga.

Na ce, "A'isha."

Shekarata saba'in da ɗaya a lokacin, kuma ranar ce farko. Ya rubuta, na dangwala yatsa, muka fito. Muka nufi tasha.

Jarida ta fito a kwana na shida. Gyaran kati kuwa aka ce yana da nasa tsari, ana turawa can sama a jira, yakan ɗauki makonni. Kullum ta tafi Daura ta duba. Malam Kabiru ya rubuta wa kamfanin takarda yana shaida cewa ɗalibarsa ce. A rana ta goma ta samu wata mata daga kamfanin a waya. Matar ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta yarda da ita, amma ba ita ke rufe karɓar takardu ba, na'ura ce, kuma akwai wasu a layi suna jira. Da yamma ta yi aka ba wani gurbin.

Na sami Siddiƙa a bayan gida inda a da take ɗaure awakinta. Na ce mata laifina ne, da na faɗi sunan a gaban hedimasta da duk wannan bai faru ba.

Ta ce, "Baffa, kai kunyar Inna ka ji. Ni ce na san na'ura ba ta san laƙabi ba, kuma ban duba ba."

Na so ta yi kuka, ba ta yi ba. Sati biyu laftof ɗin tana rufe a kan akwati.

Bayan wata biyu katin ya fito da gyara. Yanzu Siddiƙa Sada ne a jiki, sunan Inna ba ya kan kowace takarda tata. Da shekara ta zagayo kamfanin ya sake kira, ta sake cika fom, amma sun ce ba sa ɗaukar wanda ya wuce shekara ashirin da huɗu, ita kuwa ta wuce da wata biyar.

Yanzu tana aiki a wani shago kusa da tasha a Daura, tana buga takardu tana cika wa ɗalibai fom. Talata da Alhamis tana koyar da 'yan mata a cibiyar Malam Kabiru. Har yau tana tura takardun neman aiki, ba a kira ta ba tukuna. Tana zaune tare da uwarta a Sandamu.