Waɗanda Suka Matsa Mana a Bayan Ruwa

Jama'a, wannan abu wallahi da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Lokacin ina da ƙarfina, ina fataucin baƙin rini tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, zamanin da mahara kan sauko daga duwatsun kudu su kwashe mutane a hanya su sayar. Ni da yayana Habu muke tafiya da jakunanmu, kuma hanyar mun san ta ciki da waje.

Ranar nan da bazara ne, rana tsaka, mun kusa garin Farin Dutse sai muka hango ƙura a bayanmu, irin wadda dawakai kaɗai ke tayarwa. Yaya Habu ya ce mu bar hanya, muka kora jakuna cikin duwatsu muna ta kutsawa, can sai na ji ƙarar ruwa. Na ɗauka kunnena ne, don ko yayyafi ba a yi ba tukuna, amma muna zagaya wani ƙaton dutse sai ga ruwa yana kwararowa daga sama, fari fat, yana faɗawa cikin tafki. A gefe an jera tukwane a kife da gashin farar kaza, jikin dutsen kuma da zanen shanu ja, kun san irin wuraren da mutanen dā suke yin yanka. Wata tsohuwa tana zaune a bakin ruwan tana wanke ƙwarya.

Na ce, "Sannu da aiki, Inna. Mahara ne a bayanmu, tashi ki ɓuya."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ni ba ruwansu da ni. Ku cire takalma ku shiga bayan ruwan nan, har jakunan. Za su matsa muku."

Yaya Habu ya raɗa mini cewa wurin tsafi ne fa. Na ce, "Yaya, Allah ne ya yi dutsen, yi bismilla mu shiga."

Kogo ne a bayan ruwan, haske na shigowa, ina ganin bangonsa sarai, babu kowa. Amma na rantse muku cike yake da mutane. Kafaɗa na gogar tawa, numfashi mai ɗumi a ƙeyata, ga ƙanshin hayaƙi da man shanu kamar ɗakin da aka kwana a ciki, jakunan ma sai raɓewa suke kamar a kasuwa. Ina cikin gyara tsayuwa sai muryar mace ta ce a hankali, dab da kunnena, "Malam, ka taka mini zane." Na ce ta yi haƙuri, na ɗage ƙafata.

Sai ga maharan. Muna kallonsu ta cikin ruwan suka shigo da dawakai har tsakiyar tafkin, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, ƙura ce ke tashi a ƙarƙashin kofatonsu. Ɗaya ya sauko ya bi sawun jakunanmu har gabana, in na miƙa hannu zan taɓa gemunsa, ya dafa wani abu da ba na gani, ya ce, "Sawun ya ƙare a jikin dutse." Babbansu ya ce wurin ko ɗigon ruwa babu, dawakai na jin ƙishi, su tafi.

Da muka fito, ba tsohuwa, ba tafki, dutse a bushe ƙamas, sai wata tsaga da ko akuya ba za ta shiga ba. Mu kuwa riguna sharkaf.

Mai masaukinmu a Farin Dutse ya dubi kayanmu suna ɗiga, bai tambayi komai ba, ya ce kawai, "Da safe ku koma ku yi musu godiya." Muka koma, muka tsaya gaban busasshen dutse muka ce mun gode, Allah ya saka. Mun juya ke nan aka ce, "A sauka lafiya." Yaya Habu ma ya ji.

Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ni dai ban sani ba. Shawarata, in tafiya ta kai ku gindin dutse ko bakin tafki a daji, kada ku ɗauki komai, kada ku yi izgili. Ku yi sallama, sannan ku ɗan saurara kafin ku zauna, don wani lokacin ana amsawa.