Tafiyar Katsina da Cha'ibu Bai Yi Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba 2024, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Cha'ibu Naziru, mai gyaran babura a bakin tashar Mayahi. Babur ɗinsa ne ya yi karo da amalanken gero a wata kwana mai rairayi kan hanyar Issawane. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Zubaida, da 'ya'ya huɗu. Ni Misbahu, malamin lakwal, wato makarantar boko, abokinsa tun muna buga ƙwallon tsumma, ni ke rubuta wannan. Ba yabo kaɗai na zo yi ba, akwai abin da ke cina.

Cha'ibu, duk tasha ta san halinka. Sau nawa ka ture kwanon abinci don babur ɗin wani makiyayi ya mutu ran kasuwa, ka gyara, ka kuma raka shi har bakin gari don ka ji ko ƙarar injin ta daidaita? Ran Lahadi kuwa rumfarka ta zama filin wasa. Ka rataye rediyo a ƙusa, kana gardama da mai sharhi kamar yana jin ka. Ni da ke taƙama da boko, kullum sai ka ce min na san dokokin ƙwallo kaf amma ban san ƙwallo ba.

Saboda yayanka Jaji ka shirya tafiyar. Jaji ya yi shekara ashirin yana tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon samarin Mayahi, yana faɗuwa kan rairayi da ƙarangiya, bai taɓa ganin filin ciyawa ba sai a talabijin. Da likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, na dama kuma yana rufewa, kada a sa ran zai kai watanni, sai ka ɗau alkawari gaban kowa cewa Jaji zai ga wasa a babban filin Katsina tun idon yana gani.

Ban taɓa ganin shiri irin naka ba. Asabar mu tashi da asuba, mu bi Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, mu sauka gidan Abdul Razak mai sayar maka da kayan gyara. Lahadi mu ga wasa, Litinin mu dawo. Ka sabunta katin ɗan ƙasa na Jaji, ka nemo masa katin rigakafi. Har tambaya ka yi wane ɓangaren fili ke ba rana baya da yamma, don kada haske ya daki idonsa. Ka tsayar da farkon Nuwamba, ni kuma na buga ƙirji na ce da ni za a je.

Abu ɗaya ya rage. A gidanku ba a ƙetare iyaka sai an je Issawane an durƙusa gaban Iya, mahaifiyarku, ta sa albarka da bakinta. Ba ta karɓar sallama ta waya, kuma ba ku taɓa saɓa wannan ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Tsoro nake ji. Labarin 'yan bindiga a hanyar Jibiya ya hana ni sakat, kunya kuma ta hana ni janyewa. Da Iya ta zo wani suna a Mayahi, na je gaishe ta, na zuba mata labarin hanyar, na ƙara gishiri. Na san abin da nake yi. So nake ta hana, in tsira da mutuncina.

Ta kuwa hana. Ka je ka roƙa, ka dawo fuska a murtuke. Bayan sati ka koma, ta sake ƙi. A cikin kwanakin nan idon Jaji na ta ja baya. Mutumin da ke karanta lambar babur daga ƙetaren hanya ya koma gane mu da murya. 'Yan tasha suka ce mu tafi kawai, Iya ta ji daga baya. Ka ce ko Makka ce ba ka zuwa da fushin Iya. Sannan ka juyo gare ni ka ce, "Misbahu, wa ya tsorata min tsohuwar nan?" Na ɗaga kafaɗa na kau da kai.

Ranar Alhamis ka koma karo na uku. A hanyar dawowa amalanken ya fito.

Babu wanda ya san amsar da ka ɗauko a cikinmu. Kwana uku muna zaman makoki, Jaji na jingine da bango bai tambayi kowa ba, ni kuma ban iya haɗa ido da Zubaida ba. Bayan sadakar uku Iya ta aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa. Jaji na zaune gefenta.

"Na ba shi izini," ta ce. "Sharaɗina guda, shi riƙe hannun yayanshi daga ƙofa zuwa ƙofa. To, mai riƙon ya tahi." Ta juyo ta kalle ni. "Kai ka kawo min tsoron hanyag ga, ɗana. Kai za ka bi ta."

Ta kama hannun Jaji ta sa cikin nawa. Jaji ya ji komai, bai janye ba.

Mun tafi, Cha'ibu. Ƙarshen wata muka bi shirinka ba mu canza komai ba. Daga Jibiya zuwa Katsina bakina bai huta da addu'a ba, kuma ba abin da ya same mu sai shingayen bincike. Ran Lahadi a filin wasan, Abdul Razak ya zaunar da mu inda ka ce, rana a bayanmu. Jaji ya daɗe yana juya kai, yana neman inda idon zai kama. Can ya matse hannuna.

"Misbahu, wanga koren, shi ne?"

Na ce shi ne. Na tambaye shi ko yana ganin mai tsaron gida, ga shi nan ƙasanmu da jar riga. Ya ce a'a, babu mutum, babu ƙwallo, kore ne kawai. Ya ce da wata guda da ya wuce ne da ya gan shi. Ba da zargi ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Har aka tashi bai kau da fuska daga filin ba. Da alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe, Jaji ya share idonsa ya ce, "Ƙanena bai yi ƙarya ba. Ciyawa ce."

Na sani kwananka ne ya ƙare, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Amma watan da Jaji ya rasa, ni na ci shi, kuma ba ni da inda zan samo masa wani. Na nemi gafarar Iya da Zubaida da Jaji. Taka ce ba ni da hanyar nema.

Allah ya jiƙan ka, Cha'ibu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa biyayyarka ga mahaifiya ta yi maka jagora zuwa Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, da Zubaida da yara, da Jaji, da dukan mutanen tashar Mayahi. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Ni kuma, ya Allah, Ka sa ranar da za mu haɗu Cha'ibu ya yarda ya saurare ni. Amin.