Firizar Da Ba Ta Shiga Takarda Ba

Mai Kwat ake ce masa a layinsu, don ko rana na narka kwalta ba ya fita sai da kwat. Tsohon akawu ne, shekara talatin yana buga hatimi, har yau kuma tafiya irin ta 'yan ofis yake yi. Amma tun da ya yi ritaya, firizar matarsa ce ke riƙe da gidan. A ɗakin baya take. Matar na ƙulla ƙanƙara a leda, masu shaguna na zuwa sari.

Shi ya kawo maganar inshora, ya ishe ta da lacca kan ambaliya har ta yarda. Ranar da ma'aikacin kamfanin ya zo rubuta kaya, ta tafi asibiti duba ƙanwarta. Ashe ma'aikacin ɗan tsohon abokin aikin Mai Kwat ne, sai "ranka ya daɗe" yake zuba masa. Nan kan Mai Kwat ya kumbura. Ya nuna kujeru, talabijin, kafet, har agogon bango. Da aka zo ɗakin baya sai ya tare ƙofa, ya ce tarkace ne kawai. An ɗauke wuta, firiza ba ta yi gurnanin da zai tona shi ba. Wai kar labari ya kai wa tsofaffin abokai cewa akawu ya koma cin kuɗin ƙanƙara. Kai, babba da wauta!

Bayan wata huɗu ruwa ya shigo musu da hantsi, har ƙugu. Kamfanin ya biya duk abin da ke takarda, babu gardama. Firiza kuwa, mai gyara ya duba ya girgiza kai.

Kwana uku matar na tambayar yaushe za a zo ganin firizarta, Mai Kwat na cewa takardu na kan hanya. Kunya ta hana shi ko haɗa ido da ita. A na huɗu ya same ta a ɗakin baya tana kankare laka, ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta matse tsumma, ta ce, "Malam, na ga akwai wurin sana'ar mata a takardar. Me ka ce wa ma'aikacin ya rubuta?"

Ya dubi firizar.

"Na ce ba kya komai."