Kilam a cibin jikata

Kaka ce, an gama karyar masara, auduga ta fara farfashewa a gonakin bayan Tsiga. Shekarar ta zo da sauƙi, ruwa ya sauka a kan kari ya ɗauke a kan kari, har maigidanmu da ba ya yabon damina ya ce wannan kam ba laifi. A cikin wannan kakar 'yata ta dawo gida goyon ciki, haihuwarta ta fari.

Da naƙuda ta yi tsawo muka ɗauki mota zuwa asibiti a Funtua. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami mace. Da aka miƙo mini jaririyar na buɗe zane, sai na ga wani abu na roba, shuɗi, ya ciji cibinta, kamar abin maƙale shanya. Na ɗauka mantuwa aka yi.

Na bi nas ɗin da ta karɓi haihuwar, wata doguwa mai wushirya, na ce, "'Yar nan, kun bar kayan aikinku a jikin yarinya."

Ta ɗauko ledar da abin ya fito ciki ta nuna mini. Na yi yaƙi da jahilci bayan na yaye autana, ina haɗa baƙi daidai gwargwado. Harafin farko na sunan da ke jikin ledar na karanta shi yadda malamarmu ta koya mana, irin na ciyawa. Na ce, "Cilam."

Ta yi dariya har ta dafa gado. "Mama, Turanci ne, kilam ake cewa. Ba mantuwa ba ce. Shi ne madadin zare. In ya datse ba ya buɗuwa, jini ba ya samun hanya. Kada a taɓa shi, kada a gasa. Wannan maganin kawai za a shafa, kilam ɗin zai faɗi tare da cibin."

A mota na yi ta juya kalmar a baki don kada ta ɓace mini. Mu dai muna da ɗauri da ƙulli da tamka, muna da turke da dabaibayi na dabba, da sakata ta ƙofa. Na Turawa kuwa da kayansu suke shigowa. Birki ya zo da keke, noti da injin niƙa, zif da telan birni, filasta da kemis. Duk sun zama 'yan gida, ba mai tambayar asalinsu. Amma ba wanda ya taɓa hawa jikin ɗan da ba a raɗa wa suna ba, kuma na san wadda ke jiranmu a gida.

Yayar maigidanmu ce. Ita ke yi wa duk matan zuriyar wankan jego, ni ma ita ta yi mini. Tun ina amarya ban taɓa musa mata ba. Kafin mu iso ta hura wuta, ta tanadi ganye da tsumman gashin cibi da baƙin zarenta.

Ta karɓi yarinya tana yi mata kirari, ta buɗe zane, sai ta tsaya.

"Mene ne wannan? Buhun taki kuka haifo da za a datse masa baki?"

'Yata ta ce, "Gwaggo, a asibiti aka sa."

"Ke yi shiru, jiya-jiya aka yanke naki." Ta juyo gare ni. "Miƙo mini reza. Abin da ba shi da suna ba ya kwana a jikin jikata."

Na ce, "Yaya, yana da suna. Kilam."

"Ƙila me? Oh, 'yar boko! Wato ran yarinya za ki rataya a kan ƙila?"

Matan da suka shigo barka suka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, don maganar ta yi daɗi. Amma ban tashi ɗauko reza ba, kuma ta lura.

Abin da matan ba su sani ba, kafin wannan 'yar tawa na haifi namiji. Zaren cibinsa ya saɓule muna barci, da muka farga zanen ya jiƙe da jini. Bai kai suna ba. Ba laifin kowa ba ne, haka ake yi a lokacin, kuma kwanansa ke nan. Yaya ce ta naɗe shi ta miƙa wa maza, ita ce kuma ta zauna da ni har na fara cin abinci. Tun daga ranar ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita.

Na matsa kusa da ita yadda ba mai ji, na ce, "Yaya, zaren ma ai ƙila ne. Ni da ke mun gani."

Ta mayar da idonta kan cibin yarinyar. Na zaci na ɓata abin da ke tsakaninmu. Can ta sa farce a bakin robar, a hankali, ta gwada. Bai motsa ba. Ta sake gwadawa ta ɗaya gefen.

"Wato ba ya kwancewa?"

"Haka nas ta ce. Sai dai ya faɗi da cibin."

"Gashin fa?"

"Ta ce a bari."

Ta yi tsaki, ta cillar da tsumman cikin kwando. Zaren kuwa ta tsinko kaɗan ta ɗaura wa yarinya sako-sako a wuyan hannu. "Nawa ma sai ya hau," in ji ta. Na ce ya hau, Yaya.

Kwanakin da suka biyo ba ta yarda kowa ya wanke yarinyar ba. Ita ke shafa maganin, tana yi tana mita. Duk wadda ta kawo hannu kusa sai ta buge shi, ta ce, "Kar ki taɓa mata ƙilanta." Ni kuwa duk juyin da yarinya ta yi sai na leƙa zanen, in same shi a bushe, in yi hamdala. Nas ɗin nan ban san sunanta ba, amma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

Ana jibi suna, wajen wankan la'asar, cibin ya faɗi a cinyar Yaya, busasshe, wurin ya warke tas. Ta ɗaga shi, robar na nan cije da shi.

"Kai," ta ce, "wannan ya fi wasu mutanen riƙon amana." Ta danƙa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da nata.

Washegari da na idar da asuba na ɗauki fartanya na zaga bayan ɗaki. Na yi ƙoƙarin raba cibin da robar, abin ya ƙi, sai na binne su tare. Na wanke hannu, na jiƙa geron kunu.